Jarrabawar Baba Garba ta Uku

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, akwai wata Laraba ta bazara da ba ta taɓa fita raina ba. Ranar ce na zauna kan tabarma a gindin kamiyo, babbar motar kaya, ina kallon wani dattijo yana gab da rasa aikinsa a cikin darasin da ni na gwada na ce lafiya lau yake. Ku da kuka shigo biro daga baya ba ku san labarin ba, sai dai ku ji ana tsokanata da sunan "Madam Kar-ka-ɗauka". To bari ku ji daga bakina.

Ga wanda bai san sana'armu ba, biro ne ƙarami, wato ofis, a nan Gaya, muna haɗa darussan formasiyo, na horon ma'aikata, da ake yi ta intanet. Mai haɗawa yana zama gaban ordinatar, wato kwamfuta, ya jera hotuna da murya da tambayoyi a cikin lojisiyel, manhajar haɗa darasi. In ya gama sai ya fitar da aikin dunƙule guda, a ɗora shi kan platfom, wato dandalin da masu koyo ke shiga da sunansu su yi karatu, shi kuma ya riƙa ajiye sakamakon kowa. Tsakanin fitarwa da buɗe wa jama'a, nan wurina yake. Ni ce mai gwaji. Sai na bi darasi shafi-shafi, na danna duk abin da ke dannuwa, na ba da amsar daidai na ba da ta ganganci, sannan in ce wa shef, shugabanmu, a saki.

A lokacin muna da salulolin gwaji a cikin dirowa, daga mai tsada har irin mai arhar nan ta kasuwa. Dukkansu babu pus a ciki, wato babu layin kira, da wifi na biro kawai suke aiki. Shef ɗinmu, Mushe Idi, shi ya sa aka cire, saboda an taɓa samun masu shan hira da su a lokacin aiki. Ba wanda ya ga aibin hakan, kuma shekara da shekaru haka muke gwaji.

Aikin da nake ba ku labari na wani kamfanin sufuri ne mai mazauni a Yamai. Suna da direbobi da yawa a hanyar Kwatano, kuma lokacin gadar iyaka tana buɗe, layin kamiyo tun daga duwan, wurin 'yan kwastan, har bayan gari. Suka ce a haɗa wa direbobinsu darasi kan tsaron hanya: duba taya, birki a gangara, hutun direba, abin yi in wuta ta tashi. Da yake mafi yawansu ba sa karanta Faransanci, muka sa komai da murya, Hausa da Dendi, da hotuna manya-manya. Kowa a salularsa zai yi. A ƙarshe akwai jarrabawa, kuma a nan kamfanin ya kafa sharuɗɗa masu tsauri. Dama uku kawai mutum yake da ita. In ka fita daga jarrabawa a tsakiya, an ƙirga maka dama ɗaya, tambayoyin da ba ka amsa ba kuma duk faɗuwa ce, wai don kada mutum ya fita ya je ya tambayo amsa. Wanda bai samu atestasiyo ba, takardar shaidar ya ci, kafin ƙarshen wata, za a karɓi makullin motarsa a ba wani.

Na gwada darasin nan har na haddace muryar da ke ciki. Na fita a tsakiya da gangan, ya ƙirga kamar yadda aka so. Na kashe salula na kunna. Komai daidai. Na ce a saki, aka saki.

Ba a yi nisa ba sakamako ya fara shigowa, kuma wani iri. Matasan direbobi suna wucewa, dattawa suna zubewa. Mushe Idi ya duba allon ordinatar ya taɓe baki ya ce, "Ai dama na faɗa. Tsofaffin nan yatsunsu sun saba da sitiyari, ba da gilashi ba." Mutumin kamfani ma da muka yi magana da shi daga Yamai haka ya ce, taurin kai ne, ba sa son koyo. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana sauka gangara da kaya, shi ne zai kasa tambayar birki? Na sake fito da salulolin dirowa na bi darasin daga farko, na sake, na kuma sakewa. Babu abin da ya motsa. Na fara zuwa gida da abin a raina, ana yi mini magana ina jin muryar darasi.

Ranar Larabar, da hantsi, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar biro. Dogo ne, siriri, gemunsa fari, rigarsa da tabon baƙin mai a aljihu. Ya ce sunansa Garba, amma a tasha Baba Garba ake ce masa. Yana riƙe da salula a hannu biyu kamar mai riƙe da ƙwai.

"Ɗiyata, ke ce mai duba abin ga?" ya ce da ni.

Na ce ni ce, Baba, ya zauna.

Bai zauna ba. "Sau biyu na hwaɗi. Saura guda. Wallahi tambayoyin nan na san su, wasu ma ni ka koya ma yara su a bisa hanya. Ina cikin yi, sai in duba in ga yak koma hwarko, yac ce na hwaɗi. Ban san mi ka hwaruwa ba. Jibi wata zai ƙare, an riga an gwada mini wanda za a ba motata."

Na tambaye shi ko ya danna wani abu bisa kuskure. Ya ce shi dai abin da muryar ta ce ya danna yake dannawa. Na shiga wurin shef na roƙe shi ya kira Yamai a ƙara wa mutumin nan dama, ko a goge ɗaya daga cikin biyun. Mu ba mu da ikon taɓa sakamako, yana hannun kamfani. Shef ya kira, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amsar ta zo a gajarce: in akwai matsala a darasi a kawo shaida, in babu shaida doka ɗaya ce ga kowa.

Shef ya ce to ya zauna ya yi ta ukun a nan gabanmu. Baba Garba ya girgiza kai. Motarsa tana layi, an fara kiran takardu, in aka zo kansa ba ya nan sai ya koma baya. Da ƙyar ma ya sulalo ya zo. Na dubi shef, na dubi dattijon, na ɗauki jakata. Shef ya ce, "Rakiya, ina za ki?" Na ce tasha. Ya ce mai gwaji a biro take gwaji. Na ce na sani, Shef, amma na gwada a biro har na gaji. Bai hana ni ba, sai ya ce in ya faɗi a gabanki ke kika sani.

Wannan magana ta bi ni har tasha. A bayan kabu-kabu nake ta lissafi: ba ni da wata hanyar ganin matsalar sai dattijon nan ya kashe damarsa ta ƙarshe a gabana. In na gano abin bayan ya riga ya faɗi, me na yi masa? Yamai ba za su amsa rapor, wato rahoto, cikin kwana biyu ba.

Tashar kamiyo da rana tsaka ba wurin mace mai jakar ordinatar ba ne. Zafi na tashi daga ƙasa, ko'ina warin gazuwal, man manyan motoci, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a inuwar motoci ana dafa shayi. Da suka ji abin da ya kawo ni sai aka fara matsowa. Wani ya gaishe ni da Dendi ya ce, "Fofo, Madam, ku ne masu kada mutane?" Aka yi dariya, amma ba dariyar daɗi ba. Na fara da tawa salular, na shiga da sunan gwaji na yi jarrabawar a wurin, in ga ko rezo ne ke da laifi, wato sabis ɗin waya. Ta tafi sumul har ƙarshe. Na karɓi tasa na duba, irin mai arhar ce, kusan ɗaya da wadda ke dirowarmu. Ban ga komai ba. Dabarata ta ƙare.

Na ce, "Baba, sai dai ka fara. Zan zauna kusa da kai, ba zan gaya maka amsa ba, kallo kawai zan yi."

Ya ce to. Ya gyara zama, ya shafa fuska. Sannan ya ce in dakata kaɗan, ya danna wata lamba ya kara a kunne. Ya jira, ya jira, ya sauke. "Yaya bai ɗauka ba," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Rezo na garinmu Karakara sai a hankali." Ban kawo komai a raina ba. Ya yi bisimilla ya shiga.

Na ga abin da na zata. Mutumin nan ya san aikinsa. Muryar ba ta gama tambaya yake kai yatsa kan hoton da ya dace, a hankali, da ɗan yatsan tsakiya, yana cije leɓe. Da aka zo tambayar sauka gangara har ya yi ɗan tsaki, wai wannan ma tambaya ce. Ni kuwa idona na kan kowane motsin hannunsa, ina jiran in ga inda zai kuskure. Muka wuce rabi, babu abin da ya faru, kuma maimakon in ji sanyi sai tsorona ya ƙaru, don na san abin yana gaba.

Sai salular ta ɗauki ƙara.

Ba zan iya gaya muku yadda abin ya haɗu a kaina ba, sai dai lokaci guda na ga dirowarmu a idona, salula jere, ba wadda ta taɓa yin ƙara tun da aka saye ta. A irin rezon da ke tasha, in mutum ya ɗauki kira koneksiyo tsayawa take. Darasi zai nemi platfom ya rasa, in shirun ya yi tsawo platfom ta ɗauka mutum ya fita, doka kuma ta ce wanda ya fita ya faɗi. Babban yatsan Baba Garba ya riga ya kama hanyar koren madanni.

Na damƙe wuyan hannunsa.

Mace, sa'ar 'yar cikinsa, ta riƙe hannun dattijo a gaban abokan aikinsa. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Amma ban saki ba. Na ce, "Baba, don Allah kar ka ɗauka."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Yayana ne."

"Na sani. Sauran biyun da ka yi, an kira ka a tsakiya?"

"Ni yaushe ne ba a kirana? Saki hannuna, ɗiyata."

"Ka ɗauka?"

"Wa ka ƙin ɗaukar kiran yayanshi? Shi yar riƙe ni tun ubanmu ya rasu. Ban taɓa shiga wani abu babba ban nemi addu'atai ba. In na kira bai samu ba, in rezo ya zo shi ka maido kira."

Ya faɗi haka, sai na ga fuskarsa ta canja. Shi ma ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Kafin kowace jarrabawa yana kiran yayansa neman addu'a, kiran ba ya shiga, ya fara, tsohon ya maido kira a tsakiya, a yi gaisuwa a tambayi gida da gona, a yi addu'a, ya sauke ya tarar an ce ya faɗi. Matasan da ke wucewa kuwa saƙo ake turo musu, in an kira ma kashewa suke su ce sa kira daga baya.

Ƙarar ta tsaya. Na saki hannunsa na ba shi haƙuri. Shafin jarrabawa yana nan, bai motsa ba. Na ce ya ci gaba. Ya amsa tambaya guda, salular ta sake ɗauka. Lamba ɗaya.

Wannan karon ya ƙura wa lambar ido. Ya ce Yaya ba ya kira sau biyu a jere sai da dalili, kuma kwanan nan ba shi da lafiya sosai. Wani direba daga gefe ya ce, "Garba, ɗauka mana, mota ta fi ɗan'uwa?" Wani ya ce a bar shi ya gama. Aka fara musu a kanmu. Ni kuwa ba ni da bakin da zan ce wa mutum ya ƙi jin labarin yayansa saboda darasin da muka haɗa. In ya ɗauka makulli ya tafi, in ya ƙi kuma wani abu ne ya faru a gida, da wane ido zan dube shi?

Abin da ya cece mu shi ne Baba Garba ba ya ajiye suna a salula, da wutsiyar lamba yake gane mutanensa. Saboda haka lambar gaba ɗayanta tana kan gilashi. Na kwafe ta a tawa, na kira. Layi a cike, tsohon yana can yana ta neman ƙanensa. Na sake. A cike. Ƙarar tasa ta mutu, na yi maza na sake kira, sai ta shiga. Ta daɗe tana ƙara, har na fidda rai, don na san tsofaffinmu da baƙuwar lamba. Can sai wata murya siririya ta yi sallama. Na miƙa wa Baba Garba, na karɓi tasa na riƙe.

Lafiya lau tsohon yake. Ya ga kiran ƙanensa ne, ya san yau ce ta ƙarshe, shi ya sa ya nace. Aka fara gaisuwa. Ina gida, ina iyali, ina zafi, ya jiki, ya mutanen tasha, an yi ruwa ko ba a yi ba. Ni kuma ina zaune da salular Baba Garba a tafin hannu, ina shafa gefen gilashin lokaci-lokaci kada ya mutu, ina roƙon Allah kada wani ya sake kira. Ban taɓa jin tsawon gaisuwarmu ba sai ranar. Da aka zo addu'a Baba Garba ya ɗaga hannu guda, direbobin duk suka ɗaga nasu, har mai shayi. Ni ma na ce amin, ido na kan shafin jarrabawa.

Ya maido mini tawa ya karɓi tasa. Sauran tambayoyin ya yi su ɗaya bayan ɗaya. Ya danna na ƙarshe, ɗan da'irar nan ta fara juyawa. Ta juya, ta juya. Sai kore ya cika gilashin, muryar ta ce ya ci.

Tasha ta ɗauki sowa kamar an ce an buɗe layi. Shi kuwa ya sa hannu a aljihu ya taɓa makullinsa, ya bar hannun a can. Ni kuma aka ba ni shayi na sha, sannan na tashi.

Da zan hau kabu-kabu ya biyo ni gefe, inda ba mai jin mu. Ya ce, "Ɗiyata, za ki rubuta ma manyanku abin da kinka gani ko?" Na ce dole, Baba, akwai wasu da suka faɗi kamar kai. Ya ce, "Rubuta. Amma kar ki sa sunan Yaya. Kuma kar maganar ga ta kai Karakara. In yaj ji kiranshi ne yak kada ni har sau biyu, ba shi ƙara kirana, ni kau ban iya wannan."

Na yi masa alkawari. A rapor na rubuta abin da yake gaskiya: darasi ba ya jure kiran waya a tsakiyar jarrabawa, kuma tsarin gwajinmu ba zai taɓa nuna hakan ba. Mushe Idi ya karanta, ya tashi ya buɗe dirowa ya tsaya yana kallon ciki, sannan ya aika a sayo pus. A gabansa muka maimaita abin, na sa pus na kashe wifi, na fara jarrabawa ya kira ni, na ɗauka muka yi gaisuwa, ina saukewa ga faɗuwa. Da wannan shaidar Yamai suka yarda. Aka gyara darasin yadda in koneksiyo ta yanke zai ajiye inda mutum ya tsaya ya jira shi, aka sake fitarwa, na gwada, aka ɗora. Kamfanin ya mayar wa waɗanda suka faɗi damarsu.

Abin da na ɗauka daga ranar ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Mu muna gwada darasi a ɗaki shiru, kamar wanda zai yi shi ba shi da kowa a duniya. Alhali mutanen da muke yi wa aiki suna da yayye da surukai da iyayen gida, kuma ba za su bar kiran babba ya mutu a hannunsu ba don wani shafi da muka tsara. In abin da ka haɗa ya sa mutum zaɓi tsakanin abincinsa da girmama na gaba da shi, ba a gama haɗa shi ba, ko da ya yi kyau a kan ordinatar.

Baba Garba yana biyowa ta biro wani lokaci in ya shigo gari. Ya ce mini har yanzu in suna hira, tsohon yakan tuna masa cewa sau biyu ya yi masa addu'a a gurguje bai ci ba, sai ranar da ya zauna ya yi ta da kyau a salular wata yarinya. Baba Garba yakan ce masa haka ne, Yaya. Ni ma da zai kira ni ya tambaya, abin da zan ce ke nan.